Magani ya yi aiki, amma mari bai fita daga ƙafa ba: sharhi kan wani bincike daga Ghana

Idan ka taɓa raka ɗan uwa mai lalurar taɓin hankali neman magani, asibiti ne ko wajen malam, ka san lokacin da ake fara zancensa kamar ba ya wurin. Ana tambayarka, kana amsawa, shi kuwa yana zaune ya sunkuyar da kai. Akwai wani bincike da aka yi a Ghana wanda duk sanda na sake karanta shi wannan zaman nake tunawa. Shi nake so mu duba tare yau, mu ga inda ya yi daidai da inda nake ganin ya bar baya da ƙura.

An buga shi a watan Janairun 2018 a mujallar British Journal of Psychiatry. Angela Ofori-Atta ta Jami'ar Ghana ce ta jagorance shi, cikin abokan aikinta har da Robert Rosenheck na Jami'ar Yale ta Amurka. A wani sansanin addu'a na Kiristoci da ke kudancin ƙasar suka yi aikin, irin wuraren da dangi ke kai mara lafiya a yi masa addu'a, a sa shi azumi, wani lokaci kuma a ɗaure shi da sarƙa. Kada ka ce abin nesa ne da mu. Gidan mari ai mun san shi, kuma ba mu manta da mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a watan Satumban 2019 ba.

Ga yadda aka tsara gwajin. An ɗauki mutum 139 masu ciwon sikizofireniya ko lalurar sauyin yanayi mai tsanani, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 71 aka ba su maganin asibiti a kan abin da sansanin ya saba yi musu, 68 kuma suka ci gaba da tsarin sansanin kaɗai, wato addu'a da azumi da ɗauri. A mako na 2 da na 4 da na 6, masana halayyar ɗan Adam da ba a gaya musu wanda ke shan magani ba suka auna alamomin ciwon da ma'aunin da ake kira BPRS. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada mai bincike ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya tura su ɓangaren da yake so ya yi nasara. Amfanin ɓoye wa masu auna kuwa, kada son rai ya shiga makin. Ta wannan fuskar aikin ya tsaru, ba ni da ja. Abin da kawai zan ce, magungunan irin wannan ciwo kan sa barci ko rawar hannu ko sandarewar jiki, don haka mai lura da kyau zai iya canko wanda ke sha ko ba a gaya masa ba.

Sakamakon fa? Alamomin ciwo sun ragu sosai a wajen masu shan magani, da girman tasiri 0.48. A lissafin da aka saba bi, 0.2 ƙarami ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Ke nan magani ya yi aiki. Amma da aka ƙirga kwanakin da kowa ya yi a ɗaure, ba a sami wani bambancin a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu ba. Mutum ya samu sauƙi a kan takarda, ƙafarsa kuwa tana nan a sarƙa.

Masu binciken ba su ɓoye dalili ba, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Sun rubuta cewa sun riƙa nuna rashin amincewa da ɗaurin, amma hukuncin ɗaurewa ko kwancewa ya ci gaba da zama a hannun ma'aikatan sansanin.

To a nan sukata take. Tambayar da aka sa a gaba, wai shin maganin nan yana rage alamomin ciwo, an daɗe da sanin amsarta. Tun 1952 likitoci a Faris suka fara ba da kulofuromazin, aka yi ta gwaje-gwaje a kai shekara da shekaru. Dokar gwajin ƙuri'a kuwa ita ce, ba ka hana wani ɓangare magani sai in da gaske ba a san wanne ya fi ba. Mutum 68 sun yi mako shida ba magani don a tabbatar da abin da kusan kowa ya riga ya sani. Sannan ga batun amincewa. Wanda ke ɗaure, ba shi da ikon fita, aka zo aka ce ko zai shiga bincike, "to" ɗinsa nawa ne nauyinta? Vikram Patel da Kamaldeep Bhui sun rubuta sharhi a wannan fitowa ta mujallar, inda suka nuna cewa ba da magani ba shi ne zai kwance mutane daga sarƙa ba.

Amma bari in yi adalci. Ghana na da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku ne, Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu. Sansanonin nan ba za su ɓace ba don masana sun ƙi shiga. Wanda ya ce ba zai taka wurin ba sai an daina ɗauri, hannunsa ya tsira da tsabta, na ciki kuma ba su ga likita ba ko sau ɗaya. Haka nan, "ba a sami bambanci ba" ba ya nufin babu shi kwata-kwata. Sansani ɗaya ne, mako shida ne, mutanen ba su da yawa. Ƙila da an kai wata shida a ga sauyi.

Abin da ya fi damuna wani ne daban. Duba waɗanda ke wurin: likita, aikinsa alamomin ciwo. Mai bincike, aikinsa lambobi. Ma'aikacin sansani, yana son tsari da kwanciyar hankali. Dangi, sun gaji, wasu ma tsoro suke ji, kuma ban ga laifinsu ba. A cikin tsarin gwajin da aka bayyana, ban ga wanda aikinsa kawai shi ne ya zauna kusa da mara lafiya ya ce, "Kai me kake so? Zan je in faɗa" ba.

Wannan aiki ne mai zaman kansa a wasu ƙasashe. A Ingila, gyaran dokar lafiyar ƙwaƙwalwa na 2007 ya ba wanda aka tsare a asibiti ba da son ransa ba 'yancin samun mai tsaya masa, wanda ba ya cikin masu jinyarsa, kuma tsarin ya fara aiki a 2009. Doka ta ba shi damar ganawa da majinyaci su biyu kawai, ya yi magana da ma'aikata, ya duba fayil in majinyacin ya yarda. Ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ba ya faɗin abin da shi yake ganin ya fi alheri. Ko da a ransa yana ganin gara majinyacin ya ƙara mako biyu, in mutumin ya ce gida yake so, to wannan zai kai gaban likita, ya kuma nuna masa yadda ake ɗaukaka ƙara. Mu da muka taso da "babba ya fi ka sanin abin da ya dace da kai", wannan zai yi mana wani iri. Sai dai masu cewa "don amfaninka ne" sun riga sun cika ɗakin, kuma da wannan kalmar ake ɗaure mutum.

Kada ka ɗauka can ma an gama. Mai tsayawar ba shi da ikon sallamar kowa, baki kawai gare shi. Kuma da yawa ba su ma san suna da wannan 'yanci ba, shi ya sa kwamitin Simon Wessely ya ba da shawara a 2018 cewa a riƙa tura wa majinyaci mai tsaya masa kai tsaye, sai in shi ya ce ba ya so. Ghana ita ma dokarta ta 2012 ta tanadi kwamitocin da za su riƙa ziyartar irin waɗannan wurare, amma sai a 2022 aka ƙaddamar da su. A Najeriya, sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958. Rahoton Human Rights Watch na 2019 kuwa ya nuna cewa ɗaurin ba a wuraren addini kawai ake yi ba, har da cibiyoyin gwamnati.

Akwai wani gwaji da ya ƙara sa ni tunani. Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun buga shi a mujallar Lancet a 2020, da majinyata 307 a Ibadan da Kumasi. A ɓangare ɗaya ma'aikatan lafiya sun haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, a ɗayan ba a yi haka ba. Cikin wata shida, ayyuka masu cutarwa irin su ɗauri sun sauko daga kashi 57 cikin 100 zuwa 9 a ɓangaren haɗin gwiwa. A ɗaya ɓangaren ma sun sauko, daga 42 zuwa 10. Me ya saukar da su a inda ba a kai sabon tsarin ba? Zato na ne, ba binciken ne ya tabbatar ba: baƙin ido na shigowa suna tambaya suna rubutawa, kuma mutum kan gyara zama in ya san ana kallo. Zai iya yiwuwa kuma wasu majinyatan sauƙi suka samu da kansu, aka kwance su.

Za a iya gwada wannan zato da irin ƙuri'ar da aka yi a Ghana. Kowa ya samu magani, kada a hana kowa. Sai a raba cibiyoyin gida biyu, rabi a tura musu mai tsaya wa majinyaci duk mako, rabi a bar su da ziyarar ma'aikacin lafiya kaɗai. Babban abin ƙirgawa ya zama kwanakin ɗauri, makin BPRS ya biyo baya, kuma a tambayi majinyacin shi kaɗai, ba a gaban wanda ke riƙe da makulli ba.