Madubi da Mujalla: Tarken Zanen "Girl at Mirror" na Norman Rockwell

A ranar 6 ga Maris, 1954, mujallar nan ta Amurka wadda a lokacin take fitowa mako-mako, The Saturday Evening Post, ta buga wani zanen fentin mai a bangonta, aikin Norman Rockwell (1894–1978), mai suna "Girl at Mirror", wato Yarinya a Gaban Madubi. Rockwell ya zana wa wannan mujalla bango fiye da 320 tsakanin 1916 da 1963, yawancinsu barkwanci ne da hotunan zaman iyali mai daɗi, abin da ya sa masu tarken zane na zamaninsa suka daɗe suna ɗaukar sa a matsayin mai ƙawata mujalla kawai. Wannan zanen ya fita daban, domin babu dariya a cikinsa, babu iyali, babu hasken rana. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jigonsa, wato fargabar da kan kama yaro a bakin ƙofar balaga, yana rataye ne a kan alama guda, mujallar da ke kan cinyar yarinyar, kuma wannan alamar ce ta sa zanen yake magana da matasan yau kai tsaye.

Abin da ido ke gani ba shi da yawa. Yarinya ce da ba ta gama fita ƙuruciya ba, tana zaune a kan jar kujera 'yar tsuguno, ta ba mai kallo baya. Farar shimi ce a jikinta, ƙafafunta babu takalmi, ta naɗe gashinta sama irin na manyan mata. Gabanta an jingine wani babban madubi a ƙasa, cikinsa kuwa ga ta nan ta haɗa gwiwoyi, ta kai yatsunta biyu-biyu ƙarƙashin haɓa, tana duban kanta. A cinyarta akwai mujalla a buɗe, ɗauke da hoton tauraruwar fim Jane Russell. Kusa da ƙafarta an zubar da jan-baki da mataji da buroshin gashi, can gefen madubin kuma ga 'yar tsana an wurgar, ta faɗi a karkace. Sauran ɗakin duhu ne.

Ƙarfin zanen ya fara ne daga tsarinsa. Rockwell ya hana mu ganin ainihin fuskar yarinyar. Ƙeyarta da kafaɗunta kawai ya ba mu. Fuskoki biyu ne suka fito fili a zanen, kuma dukkansu hoto ne: ɗaya a gilashi, ɗaya a takarda. Da wannan dabara sai mai kallo ya tsinci kansa a halin da ita take ciki, ba shi da wata hanyar sanin ta sai ta hanyar sura. Jikin da ke kan kujera yana da nauyi da ɗumi, haske ya sauka a bayansa da wuyansa, amma hankalin mai jikin ya bar shi ya koma cikin gilashi. Duhun da ya kewaye ta ya shafe bango da taga da ƙofa, ya bar ta ita kaɗai da tambayarta. Farar shimin ma tana da nata aikin, tufa ce ta tsakanin cire kaya da sa kaya, kamar yadda mai ita take tsakanin wata rayuwa da ta tuɓe da wata da ba ta kai ga sakawa ba.

Alamomin da ke ƙasa suna ba da labarin wannan tsaka mai wuya. 'Yar tsana tana wakiltar jiya, jan-baki yana wakiltar gobe. Abin lura shi ne duka biyun a ƙasa suke, babu wanda ke hannunta. Ta yar da abin wasan, amma ba ta yar da shi nesa ba, yana nan inda za ta iya miƙa hannu ta ɗauka. Ta jawo kayan kwalliyar, amma ta ajiye su. Hannayenta, waɗanda ya kamata su zaɓi ɗaya, sun koma ƙarƙashin haɓa suna taɓa fuskar a hankali, kamar mai taɓa kayan da ba ta tabbata nata ba ne. A nan ne gwanintar mai zanen ta fi bayyana: idanun ba su nuna kuka ba, ba su nuna jin daɗi ba, idanun mai auna abu ne wanda ke tsoron abin da ma'auni zai faɗa.

To, da me take aunawa? Amsar tana kan cinyarta. An ruwaito cewa daga baya Rockwell ya yi nadamar sanya hoton tauraruwar a cikin zanen. Ina ganin a nan zanen ya fi mai shi hangen nesa. Idan aka cire mujallar, abin da zai saura shi ne yarinya tana mamakin canjin jikinta, jigo mai kyau amma tsoho. Da mujallar kuwa, sai madubin ya canza aiki. Madubi shi kaɗai yana faɗa wa mutum yadda yake. Madubin da aka ajiye hoton wani a gefensa yana faɗa masa abin da ya rasa. Kuma ba da wata ƙawa ko yaya take gwada kanta ba. Jane Russell a lokacin tana kan ganiyarta, shekara guda bayan fim ɗin "Gentlemen Prefer Blondes" da ta fito tare da Marilyn Monroe a 1953, hotonta kuma aikin masu kwalliya ne da masu haske da masu ɗaukar hoto na masana'antar Hollywood. Yarinyar tana gwada fuskarta ta gida da fuskar da aka ƙera don sayarwa. A shekarar da zanen ya fito, 1954, masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya wallafa ra'insa na kwatanta kai da wasu, inda ya nuna cewa idan mutum ya rasa tsayayyen ma'auni na ƙimanta kansa, sai ya auna da mutane. Matashi shi ne ya fi kowa rashin irin wannan ma'auni, don haka duk hoton da aka miƙa masa yakan zama sikeli.

Kwatanta zanen da wasu biyu da suka gabace shi zai ƙara fito da wannan. A zanen Edvard Munch na ƙasar Norway mai suna Balaga, na 1894 zuwa 1895, yarinya ce zaune a bakin gado ta takure, wata baƙar inuwa ta taso daga gefenta ta hau bango. Tsoron da ke wurin daga cikin jiki ya fito, ba shi da suna balle fuska. A zanen Pablo Picasso na 1932, na wata mace a gaban madubi, surar da gilashin ya mayar ta fi mai ita duhu, kamar ta wata daban. Munch ya sa fargaba a inuwa, Picasso ya sa ta a gilashi. Rockwell ya ɗauke ta ya sa a abin da ake bugawa dubu-dubu a sayar a bakin titi. Ya nuna cewa wani kaso na damuwar matashi daga kasuwa ake kawo masa ita.

Wannan ne ya sa zanen bai tsufa ba. Yarinyar 1954 tana da abubuwa biyu a rabe, madubi da mujalla, kuma tana iya rufe mujallar ta tashi. A hannun matashin yau abubuwan biyu sun zama ɗaya: wayar da ke nuna masa fuskokin wasu ita ce ke nuna masa tasa ta kyamarar gaba, har ta ba shi manhajar da za ta goge masa ƙuraje, ta rage hanci, ta haska fata. Jane Russell ɗinsa a yanzu tana iya zama shi kansa bayan an gyara. Duhun ɗakin da ya ɓoye yarinyar Rockwell shi ma ya yaye, domin hoton yau turawa ake yi a jira hukuncin jama'a da adadin masu danna alamar so. A 2021 jaridar The Wall Street Journal ta buga takardun cikin gida na kamfanin Facebook, waɗanda tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar, suna nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu. Abin da binciken ya faɗa da alƙaluma, zanen ya riga ya faɗe shi da yatsu a ƙarƙashin haɓa.

Duk da haka zanen bai kuɓuta daga aibi ba. Na farko, alamominsa sun cika bayyana. 'Yar tsana a nan, jan-baki a can, kamar malami ya jera misalai a allo, har mai kallo ba ya shan wahalar da inuwar Munch ke ba shi. Na biyu, Rockwell ya zaɓi kyakkyawar yarinya, ya kuma zana ta cikin tausasawa, abin da ke ba babba damar yin murmushi ya ce ai za ta girma ta zama kyakkyawa. Wannan lallashi yana amincewa da ma'aunin da ke cutar da ita, domin yana nufin damuwarta za ta ƙare ne ranar da ta ci jarrabawar kyau. Yaron da madubi ba zai taɓa ba shi wannan amsa ba, ba shi da wuri a zanen. Na uku, zanen kansa bangon mujalla ne, ya shiga gidaje miliyoyi tare da tallace-tallace, wato yana cikin sana'ar da yake nuna illarta.

Waɗannan aibobi ba su rushe aikin ba, sun dai nuna iyakarsa. Zanen, wanda yanzu yake gidan adana ayyukan Rockwell a garin Stockbridge na jihar Massachusetts, ya ajiye mai kallo a bayan yarinyar, daidai inda uwa ko uba ko malami zai tsaya idan ya leƙo ɗakin ba ta sani ba. Daga wannan wuri ana ganin abin da ita ba ta gani: cikakkiyar mutum zaune a kan kujera, tana neman izinin zama kanta daga wurin takarda. Rockwell bai faɗi abin da mai leƙen ya kamata ya ce mata ba. Ya dai tabbatar da cewa wanda ya tsaya a nan ba zai iya cewa bai ga mujallar ba, kuma ba zai iya cewa yarinyar ce ta buga ta ba.