Waƙar da aka yi shekara 17 ana cigiya, masu ita ba su sani ba

Ranar 4 ga Nuwamba 2024 wani mutum ya sanar a dandalin Reddit cewa ya gano sunan wata waƙa mai tsawon kusan minti uku, da sunan waɗanda suka rera ta. Wanda bai san tushen maganar ba zai ce to sai me? Amma akwai dubban mutane a ƙasashe daban-daban da wannan sanarwa ta hana su barci a daren, domin tun 2007 ake cigiyar waƙar, har aka laƙaba mata suna da Turanci mai ma'anar waƙar da ta fi kowace waƙa ɗaure kai a intanet. Ni ina cikin masu leƙe daga nesa, kuma ina so in yi sharhi a kan waƙar da masu nemanta, don kuwa a ganina biyun ba su rabuwa.

Ga yadda abin ya faro. A wajajen 1984 wani yaro matashi a garin Wilhelmshaven, a arewacin Jamus ta Yamma, yana da al'adar da duk wanda ya girma da rediyo mai kaset ya sani: idan aka sa waƙar da ta yi masa, sai ya danna maɓallin ɗauka. Tashar NDR yake saurare. Kuma kamar yadda muke yi a da, yakan yanke surutun mai gabatar da shiri don kada ya ɓata masa kaset. A cikin wannan surutun da ya yanke sunan waƙar ya tafi. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, a 2007, ƴar'uwarsa ta ɗora wani yanki na waƙar a wasu shafukan masoya kiɗan shekarun 1980 tana tambaya ko akwai wanda ya san ta. Shiru. Sai a 2019 wani matashi ɗan Birazil ya sake tono zancen ya yaɗa shi a YouTube da Reddit, wani mai shirin bidiyo da ake kira Justin Whang ya yi shiri a kai, mujallar Rolling Stone ta rubuta labarin, sai abu ya zama gayya.

Irin waɗannan mutane suna kiran abin da suke yi Lostwave, wato farautar waƙoƙin da aka rasa masu su. Kuma gaskiya aikin da suka yi a kan wannan waƙa ya cancanci a tsaya a dube shi, don ya fi ƙarfin a kira shi wasan marasa aikin yi. Masu kunnen kiɗa sun saurari wani sauti a cikin waƙar suka ce na Yamaha DX7 ne, wani kayan kiɗa na lantarki mai madannai irin na fiyano, wanda bai shigo kasuwa ba sai 1983. Da wannan kaɗai suka rufe ƙofar duk shekarun da suka gabaci 1983. Wasu suka sa waƙar a manhajar da ke zana sauti kamar hoto, suka ga wani siririn layi a daidai kilohaz 10, suka gwada da sauran abubuwan da aka ɗauka daga tashoshin Jamus na wancan zamani, suka tarar layin tambarin NDR ne, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa saniyarsa a kunne. Aka tuntuɓi Paul Baskerville, Baturen Ingila da ke gabatar da shirin kiɗan matasa a tashar a lokacin. Ya saurara, bai tuna ta ba, har ya sa ta a shirinsa a 2019 ko wani mai saurare zai gane. Aka samo jerin waƙoƙin da tashar ta sa a waɗannan shekaru, mutane suka raba wa junansu aiki suna bi layi-layi, duk sunan da ba a sani ba sai an nemo waƙarsa an ji. Shekara biyar ana wannan, ba albashi, ba shugaba, yawancinsu ma ba su san fuskar juna ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ƙare. Shazam, manhajar da ake kara wa waƙa ta faɗi sunanta cikin daƙiƙa kaɗan, ba ta tsinana komai ba, don ita abin da aka zuba mata kawai ta sani. Wanda ya warware matsalar yana bin sunayen ƙananan ƙungiyoyin makaɗa ne da suka shiga Hörfest, wani taron baje kolin sababbin makaɗa da NDR ke da hannu a ciki a Hamburg. Garin haka ya ci karo da wani tsohon labarin jarida a kan wata ƙungiya mai suna FEX daga garin Kiel, wadda ta ci wata gasa a Bremen a 1984. Ya nemo ɗaya daga cikinsu, Michael Hädrich, ya roƙe shi ya turo masa tsofaffin waƙoƙinsu. A cikin abin da dattijon ya turo akwai wata mai suna "Subways of Your Mind". Ita ce. Tsohuwar jarida da tambayar dattijo cikin ladabi, su suka yi abin da na'ura ta kasa. Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

To yanzu da abin nema ya samu, bari mu yi tambayar da masoyanta ba su son ji: waƙar tana da daɗi kuwa?

Tana da daɗi daidai gwargwado. Tana buɗewa da jita mai kaifi da ganga mai tafiya kai tsaye ba lanƙwasa, sannan muryar namiji mai kauri ta shigo tana rera Turanci da harshen wanda ba da shi aka haife shi ba. Amshinta yana kama kunne, wannan ba gardama. Sau biyu za ka ji shi ka wuni yana yi maka yawo a ka. Amma baitocin ba su zuwa ko'ina, inda suka tashi nan suke komawa, kuma kalmomin irin na matasan Turai na wancan zamani ne, masu son a ji su cikin duhu da kaɗaici ba tare da sun faɗi abin da ke damun su ba. A shekarun nan ƙungiyoyi irin wannan sun yi yawa a Jamus da Ingila, kowace tana bin sawun waɗanda suka yi suna. Da a ce sunan FEX na rubuce a jikin kaset ɗin yaron tun farko, ina da yaƙinin waƙar za ta zauna a akwati tare da sauran, ba wanda zai tashi daga Birazil ya neme ta.

Rashin sunan shi ne gishirinta. Shekara da shekaru mutane ba su ma yarda da juna a kan kalmomin da mawaƙin ke faɗi ba, saboda kaset ɗin ya tsufa kuma lafazin ba ya fita sosai, sai kowa ya cusa abin da zuciyarsa ke so. Wasu suka ce daga bayan katangar Balin ta fito, makaɗan suna ɓoye wa hukuma ne. Wasu suka ce mawaƙin ya mutu. Shuuu ɗin kaset ɗin ma ya zama wani ɓangare na kiɗan, har idan ka ji sigar da ta fi tsabta sai ka ji kamar an cire mata wani abu. Shi ya sa a ranar da aka gano ta, cikin masu murna akwai masu jimami a fili, suna cewa yanzu me za su yi da dararensu. Ban ga laifinsu ba. Abin da suka ƙaunata shi ne zaman tare a kan tambaya ɗaya, waƙar kuwa ita ce tabarmar da aka shimfiɗa.

Wata ƴar'uwarta ta nuna haka ƙarara, kuma da ban dariya. A 2021 wani ya ɗora daƙiƙa 17 na wata waƙa a shafin WatZatSong, aka yi ta cigiya da sunan "Everyone Knows That". Mutane suka yi ta zana hotuna, suna ƙirƙirar ragowar waƙar da kansu, suna cewa tallar wani kaya ce da aka manta. A Afrilun 2024 aka gano sunanta "Ulterior Motives", ta wasu ƴan'uwa biyu, Christopher da Philip Booth, kuma a cikin wani fim ɗin batsa na 1986 take. Duk wanda ya yi shekara uku yana yi mata kirari sai ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ba kuma duka abin ne na yabo ba. Gayya idan ta yi yawa tana taka shuka. An yi ta damun tsofaffin makaɗa da saƙonni don kawai muryarsu ta yi kama, an daɗe ana jingina waƙar ga mawaƙin wata ƙungiya ta ƙasar Girka ba tare da hujja ba, maƙaryata kuma suka riƙa fitowa suna cewa su ne ko sun san mai ita, don a kalle su na kwana biyu. Mai neman abu da zafi yakan manta cewa wanda yake ƙwanƙwasa wa ƙofa mutum ne mai harkokin gabansa.

Amma babban abin da nake ƙalubalanta shi ne kalmar ɓata ɗin kanta. A wurin wa waƙar ta ɓata? Ƴan FEX suna nan da ransu, kaset ɗinsu na ajiye a gida, sun san sunan waƙarsu, ba su ma da labarin ana neman su. Kwana uku bayan sanarwar suka shiga ɗakin shirye-shiryen NDR suka sake kaɗa ta, sun yi furfura. Waƙar ba ta taɓa ɓacewa ba, intanet ce ba ta san ta ba, kuma ƴan wannan zamani sun ɗauka duk abin da intanet ba ta sani ba babu shi.

A nan ne labarin ya taɓo mu, don mu mun san wannan daga ɗaya gefen. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan ɗin lantarki a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, aka buga kaset kaɗan. Shekaru da dama ana sa kiɗan nan a rediyo da tele tsakanin shiri da shiri, har kunnen ƴan Nijar ya saba da shi kamar kiran sallar unguwa, ko da yake da yawa ba za su iya faɗin sunan mai shi ba. Da Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai ya sake buga shi a 2013, sai masoyan baƙin kiɗa na Turai da Amurka suka karɓe shi a matsayin ɓoyayyiyar taska da aka tono. Taskar da ƙasa guda ke ji kullum! Haka Mdou Moctar: ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙin Anar da Tamashek, da irin gyaran muryar na'ura da mawaƙan finafinan Hausa ke yi, waƙoƙin suka bi salula zuwa salula ta bulutut har Mali. A Kidal Kirkley ya kwashi ɗaya daga katin memori, ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman mai ita. Abin da ya yi daidai a nan, ko da mutum yana da ƙorafi a kan Baturen da ke zuwa ya "gano" abin da ke hannunmu, shi ne ya nemi mawaƙan don a rubuta sunansu a kuma biya su. Yau Mdou Moctar yana zagaya duniya da jitarsa.

Bambancinmu da Jamusawan nan shi ne, su waƙa ɗaya marar suna ta zame masu abin mamaki, mu kuwa rashin suna shi ne gama-gari. Je wurin mai tura waƙa a tasha ka ba shi katinka, rabin abin da zai zuba maka sunansa Track 01, ko kuwa dogon lambar nan da WhatsApp ke laƙaba wa sauti mai farawa da AUD. Waƙar biki, waƙar ƴan tauri, begen wani sha'iri, kiɗan gurmi da wani ya ɗauka a kasuwar ƙauye, duk suna yawo ba uba. Ba mu ɗauke shi abin cigiya ba don mun saba, kuma sabon nan yana da tsada: mawaƙin da waƙarsa ta kai Agadas da Kumasi da Garwa ba tare da sunansa ba, ba wanda zai kira shi biki, balle a yi maganar haƙƙinsa. Ƙungiyoyin makaɗa nawa ne suka hau dandalin gasar Ɗan Gurmu, suka yi waƙa ɗaya mai kyau, rediyon jiha ta sa ta ƴan watanni, sannan kowa ya koma koyarwa ko ɗinki? Su ne FEX ɗinmu, kuma ba mu da jerin waƙoƙin tasha a rubuce da za mu bi layi-layi yadda aka bi na NDR.

Abin da muke da shi mutane ne. Idan matasanmu masu son irin wannan tone-tone za su ari wani abu daga ƴan Lostwave, to su ari haƙurin da rabon aikin, su bar manhajar zana sauti tukuna. Waƙar da ta gagari Shazam, a kai ta fadar dattawa a Damagaram ko Maraɗi a kunna a salula, ko a nemi tsohon ma'aikacin rediyo da ya yi ritaya, ko mai shagon kaset da ya koma sayar da caja. Sau da yawa kafin a kai amshi na biyu wani zai ɗaga hannu ya faɗi sunan mawaƙin, da garinsu, da bikin wanda aka yi waƙar a kansa, har ya ƙara da cewa ɗansa na nan yana sayar da goro a bakin tasha.