Gwanin da Ke Haɗe Rai Don Wasu Su Yi Dariya

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wani wasa da ake yi a zaune, an kewaye teburi. Kayan aikinsa takarda ce da fensir da 'ya'yan lido masu fuskoki iri-iri, sai kuma baki. Mutum huɗu ko biyar, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa: wannan mayaƙi, wancan matsafi, na gefe ɓarawo mai saurin hannu. Mutum ɗaya kuma ya zama jagora. Shi zai faɗa musu inda suke da abin da idonsu ke gani, kuma shi ne sarkin garin, shi ne mai gadin ƙofa, shi ne dodon da ke kwance cikin kogo. Ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, in abin yana da haɗari a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ta raba gardama. Kamar tatsuniya ce, sai dai masu sauraro sun shige cikinta, kuma mai bayar da ita shi ma bai san inda za ta ƙare ba.

Wanda ya fi suna a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Da yawa suna buga shi da gaske-gaske, ana ceton masarauta ana kashe mugun sarki. Akwai kuma jagoran da ke jan wasan ta hanyar raha, duniyar takubba da tsafi ce amma ana yi ana zolayarta. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wannan ne mai sauƙin. Wanda ya taɓa zama a kujerar jagora ya san ya fi wuya, domin tsoro da fargaba ana iya tsara su a takarda tun daga gida, dariya kuwa sai an zauna ake samunta.

Rahar ba baƙuwa ba ce a wasan. Cikin dodannin Gygax akwai wani curin majina mai kusurwa huɗu, ƙafa 10 ta kowane ɓangare, daidai faɗin lungunan da ake zanawa a taswirar kogo, yana tafe yana share duk abin da ya tarar. Akwai wani mai jikin beyar da kan mujiya, wanda asalinsa ɗan abin wasan yara ne na roba da aka ƙera a Hong Kong. A 1975 Ken St. Andre, wani ma'aikacin laburare a birnin Phoenix, ya ga dokokin Dungeons & Dragons sun cika sarƙaƙiya, sai ya rubuta nasa, Tunnels & Trolls, da ɗan lido mai fuska shida kawai, ya kuma laƙaba wa tsafe-tsafen ciki sunaye na barkwanci. Tun daga farko, ke nan, akwai masu ganin cewa mutanen da suka taru da dare suna kwaikwayon muryar dodo ba su da dalilin cika ɗaukar kansu da girma.

Abin da ya raba gwani da ɗan koyo a wannan fage abu ɗaya ne: gwani ba shi ne mai ba da dariyar ba. Ɗan koyo yakan zo da barkwancinsa a rubuce, ya yi ta zubawa, 'yan wasa su koma 'yan kallo. Gwani yana haɗe rai ne, ya bar duniyar wasan ta ɗauki kanta da muhimmanci, sannan ya saki 'yan wasa a cikinta su yi ɓarnarsu.

A ce jarumai sun iso wata gada, ƙaton dodo ya tare hanya yana neman kuɗin fito. Wata 'yar wasa ta ce matsafiyarta za ta gyara murya ta ce ita jami'ar haraji ce daga fada, ta zo duba littattafansa. Aka jefa ɗan lido, lamba mai kyau ta fito. Ɗan koyo zai ce dodon ya tsorata ya ba su hanya, magana ta mutu a nan. Gwani kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya, ya ce: "Ranki ya daɗe, na san wannan rana tana tafe." Dodo ya shiga ƙarƙashin gada ya kinkimo rasit na shekara goma sha ɗaya, ya shimfiɗa mata tabarma, ya ce ba zai bari su wuce ba sai an daidaita lissafi, don ya gaji da rashin barci. Yanzu ƙaryarta ta zame mata aiki, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mayaƙin da ya zo da takobi yana zaune yana ƙirga tsabar kuɗi. Ana cikin haka jagora ya ambata, kamar ba komai ba, cewa ga wani mutum can a kan jaki yana nufo gadar, da hular ma'aikatan fada a kansa.

Duba abin da jagoran ya yi. Bai ƙirƙiri barkwancin ba, na 'yar wasan ne. Shi dai ya karɓa, ya ɗora a kai, ya bi shi har inda hankali zai kai shi. Wannan dabara ta karɓa da ƙarawa daga 'yan wasan kwaikwayo na nan-take aka aro ta, waɗanda ke hawa dandamali ba tare da rubutaccen labari ba, kuma littafin Keith Johnstone mai suna Impro, na 1979, yana cikin waɗanda jagorori ke yawan ambata. Dodon bai san abin dariya yake yi ba, kuma rashin saninsa ne ke sa teburi ya ɓarke. Da zarar jagora ya ƙyalƙyale ya nuna cewa duk shirme ne, gadar ta rushe da dodon da harajinsa.

Marubuci Terry Pratchett na Ingila ya nuna yadda ake wannan a littattafansa na Discworld, waɗanda suka fara da The Colour of Magic a 1983. Duniyarsa faifai ce a kan giwaye huɗu, giwayen a bayan wani ƙaton kunkuru. Abin ba ya kama hankali, amma mazaunanta suna biyan haya, suna cin bashi, suna tsoron 'yan doka. Haka ma zomon nan na fim ɗin Monty Python and the Holy Grail na 1975: mayaƙa suka raina shi, suka yi masa dariya, ya far musu ya kashe wasu da gaske. Jagoran da ya ƙware ya san cewa abin ban dariya dole ya iya cizo. In 'yan wasa suka gane babu abin da zai same su ko me suka yi, sai rahar ta yi lami.

Nan ne ɗan lido ke shigowa. Mai fuska 20 shi ne sarki a Dungeons & Dragons, kowace fuska tana da kashi 5 cikin ɗari na fitowa. In aka yi jifa sittin a zama ɗaya, ana sa ran lamba 1, mafi muni, ta fito kamar sau uku. A ƙa'idar littafi, 1 a wurin kai sara tana nufin an kuskure ne kawai, amma teburori da yawa sun mayar da ita ƙofar abin kunya. Gwani ba ya ɓarnatar da irin wannan faɗuwa da cewa "ba ka dace ba". Ɓarawon da ya kasa buɗe kwaɗo, a hannun gwani, zai iya buɗe shi lafiya lau, ya tarar ashe ƙofar ɗakin da masu gadi ke cin abincin dare ce. Wani lokaci ma jagoran yakan juya ga mai jifar ya tambaye shi yadda abin ya lalace. Mutum ya fi jin daɗin wulaƙancin da ya tsara wa jaruminsa da bakinsa a kan wanda aka ɗora masa.

Masu tsara wasanni sun fahimci cewa ba a dariya da faɗuwa in tsadarta ta yi yawa, sai suka nemi hanyar rage ta. A 1984 aka fitar da wasanni biyu da Greg Costikyan ke da hannu a cikinsu. A Toon, wanda ke kwaikwayon finafinan katun, jarumi ba ya mutuwa; in an rafke shi sai ya faɗi, mai shi ya huta minti uku ya dawo. A Paranoia, wanda labarinsa na wani birni ne na ƙarƙashin ƙasa da wata kwamfuta mai yawan zargi ke mulki, kowane jarumi yana da kwafi shida na kansa, in ɗaya ya tafi na gaba ya iso. Aikinsu farautar maciya amana ne, alhali kowannensu a ɓoye maci amana ne. A 2017 Grant Howitt, ɗan Birtaniya, ya tattara wannan hikima a shafi ɗaya tak a wasansa Honey Heist: 'yan wasa beyar ne da suka shirya fashin zuma, kowa yana da ma'auni biyu kawai, na dabbanci da na aikata laifi, kuma duk wanda ya kai 6 a ɗayansu ya kuɓuce daga hannun mai shi. Dokokin da kansu suke haifar da rikici, jagora sai dai ya riƙa tura ƙwallo.

Sai maganar lokaci. Barkwanci yana da numfashi, kuma gwani yana jin sa'ad da ya fara yankewa. Kafin dariyar ta gama sauka ya riga ya ce ƙofa ta ɓalle, ko ya tsallake da labarin zuwa washegari da safe a kurkukun sarki. Yana kuma da 'yar takarda a gabansa inda yake rubuta ƙananan abubuwan da suka faɗo daga bakin 'yan wasa: sunan banza da aka raɗa wa jaki, alƙawarin da wani ya yi wa mai sayar da albasa don ya rabu da shi. Bayan mako uku, a tsakiyar zaman fada, mai albasa ya bayyana da shaidunsa. Irin wannan dawowa ta fi sabon barkwanci ƙarfi, domin tana gaya wa 'yan wasa cewa an ji su, kuma duniyar ba ta mantuwa. Shirin gwani kafin zama ma irin wannan ne: jerin sunaye, da mutane kaɗan waɗanda kowannensu ke da buri ɗaya da ɗabi'a ɗaya, maimakon dogon labarin da za a wargaza a minti goma na farko.

Ana iya ɓata abin, kuma an taɓa ɓatawa. A 1988, bayan Gygax ya bar TSR, kamfanin ya fitar da Castle Greyhawk, inda aka mayar da shahararren gidan sarautar da Gygax ya ƙirƙira dandalin shaguɓe ga finafinai da jaruman littattafan zane. Da yawa daga masoyan wasan ba su ji daɗinsa ba. Shaguɓen da ke nuni zuwa wajen labari yana fitar da mutum daga cikin labarin, kuma in ya yi yawa babu abin da zai rage da za a damu da shi.

Akwai kuma karatun fuska. Teburin raha yana da saurin zama na mutum biyu masu baki, sauran su yi shiru. Gwani yana lura da wanda bai yi magana ba tun ɗazu, sai ya sa sarkin dodanni ya nace cewa da shi kaɗai zai yi ciniki. Yana kuma tsare iyaka: a yi wa jarumi dariya, kada a yi wa mai shi. Shi ya sa jagorori da yawa ke ware zama na farko don a daidaita irin rahar da kowa ya yarda da ita da wadda ba a so.

Ƙololuwar gwanintar ita ce sanin lokacin da za a ajiye rahar, domin in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Shirin The Adventure Zone, wanda 'yan'uwa uku na gidan McElroy suka fara da mahaifinsu a 2014, da zolaya ya soma, Griffin ƙaraminsu yana jagoranci, sauran suna yi wa dokokin wasan riƙon sakainar kashi. Kafin labarin farko ya ƙare a 2017 ya koma na rashi da mantuwa da zumunci, har masu sauraro suka riƙa ba da labarin hawayen da suka zubar. Brennan Lee Mulligan ma haka yake yi a shirin Dimension 20 tun 2018, inda ya fara da makarantar sakandare ta masu koyon jarumta. Mutane sukan shaƙu da wanda suka daɗe suna dariya tare da shi, ko da dodon gada ne, kuma ranar da haɗari ya same shi za a ga 'yan wasan da ke ta shiririta sun miƙe zaune sun zare takubba.

Duk wannan yana buƙatar wani irin haƙuri da ba kowane mai barkwanci ke da shi ba. Sau da yawa jagora yana da maganar da ta fi ta kowa daɗi a kan harshensa, ya ga ɗan wasa na shirin faɗin tasa wadda ba ta kai ba, sai ya haɗiye tasa ya ba shi fili, sannan ya sa dukan masarautar ta ɗauki maganar da gaske. Mai son a ce shi ne ya fi kowa iya magana ba zai jure wannan kujera ba, gara ya nemi dandamali da makirufo.