Masu Ƙirga Watanni

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, nan kusa da Daurawa, likitocin tiyata ake yabawa. Ni jinjinata ta masu fayil da lissafi ce. Sankarar mafitsara, wadda tsargiya ke share wa hanya a ƙasar nan, ba ta da alƙawari: a kankare ta, ta sake tsirowa. Masu lissafin ne ke bin watan da ta dawo.

Majinyaci ya daina zuwa, kuɗin mota ya gagara, wayarsa a kashe. Ba a yar da fayil ɗinsa. Dabarar lissafi ta Kaplan da Meier ta 1958 tana ƙirga watanninsa har ranar ganinsa na ƙarshe, ta Cox ta 1972 kuma ta auna tasirin shekaru da girman ƙari.