Takalmin Kirki Daga Awon Ƙafa Yake Farawa

Shekarun nan samarin Kano sun rungumi takalmin but, wannan mai rufe idon sawu. Da hunturu ya kama za ka gan shi a ƙafar ɗalibai da 'yan kasuwa, har da angwaye ranar ɗaurin aure. Wannan yayi yana burge ni, domin rufaffen takalmin fata yana kare ƙafa daga faso da ƙurar sanyi, kuma yana da kwarjini. Abin da yake damuna shi ne irin wanda ya cika mana kasuwa: mai sheƙi a kanti, wanda kafin damina ta zagayo dunduniyarsa ta karkace, bakinsa ya buɗe, samansa yana ɓarewa kamar bawon albasa. In ka leƙa inda ya yage sai ka tarar ba fata ba ce, roba ce aka manna a kan ƙyalle, bayan dunduniya kuma kwali aka cusa.

Kuma wai a Kano ake wannan. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a birnin nan, ya rubuta cewa takalman da ake ɗinkawa a Kano ana fitar da su zuwa ƙasashe masu nisa, jar fatar da aka rina da karan dafi kuwa tana kaiwa har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce ayari ya riƙa tsallake Sahara da ita, Turawa suna saye daga hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har gobe tana da rumfunan dukawa. Majemar Ƙofar Wambai ma tana nan, ana jima da bagaruwa kamar yadda aka gada. Duk wanda ya tsaya kallon hawan Daushe ya dubi ƙafafun mahaya ya ga kurufa, dogon takalmin da ke hawa har ƙauri, ya san cewa ɗinka takalmi mai tsayi ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

To me ya sa takalmi ɗaya yake shekaru yana riƙe da siffarsa, wani kuma ya saki jiki cikin 'yan watanni? Amsar tana farawa daga ƙafar mai shi. Lamba arba'in da biyu tsawo kawai take faɗa, ba ta san faɗin tafinka ba, ba ta san tudun ƙafarka ba. Mu da muka tashi cikin silifa da fade, yatsunmu a baje suke, ƙafarmu ta fi faɗi a gaba. In aka tura irin wannan ƙafa cikin takalmi mai tsukakken baki, ɗayan biyu ne: ko ƙafa ta sha wuya, ko takalmin ya buɗe ta gefe ya lalace. Baduku na ƙwarai zai sa ka taka takarda kana tsaye, ya zagaye ƙafafun duka biyu da biro, domin ba kasafai suke zama daidai ba, sannan ya ɗauki awo ya zagaya tudun ƙafa da idon sawu. Na ga wani dattijo a cikin gari yana wannan aiki, yana cewa da wani saurayi, "Yaro, ka dawo bayan la'asar, da safe ƙafa ba ta gama buɗewa ba." Ya yi gaskiya, ƙafa takan ɗan kumbura da yamma, kuma awon lokacin ne ba ya cutar da mutum.

Sai zaɓen fata. Fatar gadon bayan dabba ta fi ƙarfi da tsauri, ta wajen ciki kuwa sakwa-sakwa ce, tana miƙewa. Mai son riba da yawa zai yanka maka gaban takalmi daga ta cikin, ba za ka gane ba sai bayan an sha tafiya. Fatar akuya mai laushi ta dace da shafin ciki, amma bayan dunduniya da ƙasan takalmi kirgi suke so, mai kauri. Bayan haka a ja fatar a kan itacen nan mai siffar ƙafa a bar ta ta kwana biyu ta ɗauki fasali, sannan a ɗinke ƙasan da zare mai ƙarfi. Gam kaɗai ba ya jure zafin watan Afrilu a Kano, balle ruwan Agusta. Wanda aka ɗinka kuwa, in ƙasansa ya cinye, a farke a sa sabo, saman yana nan.

Ba zan ɗora wa dukawa laifin duka ba. Mu masu saye ne muka koya musu gaggawa. Mutum zai zo ana jibi Sallah yana son takalmi gobe, ya taya rabin kuɗi, sannan ya nemi a buga masa tambarin Italiya a ciki. Wannan tambarin shi ya fi ɓata mini rai. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna fitar da fatarmu zuwa Italiya da Sifen, a can a ɗinka ta a sayar da tsada, mu kuma a nan muna jin kunyar rubuta sunan Kano a jikin abin da hannunmu ya yi. Ga kuma cin ganda da yake lashe fatar shanu tun kafin ta isa majema, wanda ya sa kirgi mai kyau yake ƙara tsada. Araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi na roba sau uku ya riga ya biya kuɗin na fata.

Akwai cibiyar koyar da ilimin fata ta tarayya a Samarun Zariya. Ina fata matasan da suka gaji dukanci su haɗa abin da suka koya wurin iyaye da sabon ilimin yanka da awo, su sassaƙa itatuwan ƙafa da suka dace da ƙafar mutanenmu, maimakon kwaikwayon na waje.

Kai kuma mai saye, in ka samu na kirki ka riƙe shi da kyau. In ruwa ya dake shi kada ka shanya a rana ko kusa da wuta, ka cusa masa takarda ya bushe a inuwa, ka riƙa shafa masa mai lokacin hunturu, kada kuma ka take dunduniyarsa don saurin shiga masallaci. Kafin sanyin bana ya shigo, ka shiga Kurmi ko Ƙofar Wambai da ƙafarka, ka nemi baduku ya auna ka, ka ba shi lokaci, ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma ce masa ya buga sunansa a ciki.