Koriyar fitilar Gatsby: wa ya ba ta ma'ana?

A cikin ƙagaggen labarin The Great Gatsby, wanda marubucin Amurka Scott Fitzgerald ya wallafa a 1925, akwai wata koriyar fitila da ke kwana tana ci a mashigin ruwan gidan Daisy. Ganin farko da mai ba da labari, Nick, ya yi wa Gatsby, yana tsaye ne da dare a ƙetaren ruwa, ya miƙa hannuwansa wajenta.

Sau da yawa a aji akan ce fitilar tana nufin buri, a wuce. Wannan fassara ta gaza. A babi na 5, sa'ad da Gatsby ya sake saduwa da Daisy bayan rabuwar kusan shekara biyar, sai fitilar ta rasa kwarjininta, ta koma fitila kawai. Ashe nisa ne ya ba ta daraja.

Haka ma manyan idanun likita Eckleburg da ke kan wani tsohon allon talla a kwarin toka. Bayan mota ta kashe matarsa, Wilson ya dube su ya ɗauke su idanun Ubangiji, har maƙwabcinsa ya tuna masa cewa talla ce.

A wurin Fitzgerald, mabukaci ne ke ɗora wa abu ma'ana, kuma ruɗin nan ya kai Gatsby da Wilson ga halaka. Malamin da ya haddatar da ɗalibai ma'ana guda ya ɓoye musu wannan darasi. Gara ya tambaye su: wa ke kallon fitilar, kuma me ya rasa?