SUNA LINZAMI NE, HARAFI FA?

Kafin in shiga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, bari in soma ba ka labarin abin da ya faru tsakanina da kawuna, domin daga nan ne abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya.

Kawun nan nawa masunci ne, yana zaune a wata tunga ta bakin ruwa a yankin Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski. Bai yi boko ba, amma idan ajami ne ko lissafin kwandunan banda, to sai dai ka ja da baya. Wata rana batirin wayarsa ya kumbura, sai ya aiko mini da saƙo nan Yelwa cewa in saya masa sabo in ba direba ya kai masa. Ya gaya wa ɗan aike sunan kamfanin, ya kuma faɗi lambar da yake gani a bayan wayar. Na je wajen wani mai shago na faɗa masa, sai yaron ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, mai A ce, ko mai S, ko mai C?" Na yi tsaye sororo. Na ce ina ce lamba ɗaya ce? Ya ce lamba ɗaya ce, amma harafin ya bambanta. Na yi canke na ɗauki ɗaya, aka kai wa kawu, ya ƙi shiga. Aka dawo da shi, mai shago ya ce tunda an yage leda ba ya karɓa. Kwana huɗu wayar kawu na kashe, a cikin kwanakin nan dillalinsa ya neme shi bai samu ba, ya juya ya ɗauki kayan wani.

Da muka haɗu na ce, "Kawu, ai da ka faɗi harafin." Sai ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wane harafi? Ni na ga wani ɗan zane kamar ƙugiya a gaban lambar, na ɗauka ado ne." Wallahi dariya ta kama ni, amma daga baya da na zauna sai na ga ba abin dariya ba ne. Wannan ɗan zanen da kawu ya ɗauka ado ne, shi masu ƙera kaya suka ɗora wa nauyin suna gaba ɗaya.

To ka dubi yadda abin ya zama ruwan dare. Akwai iPhone, iPad, iPod da iMac. Akwai eNaira, akwai OPay, akwai M-Pesa ta ƙasar Kenya, ga shirin N-Power da gwamnati ta fito da shi a 2016. Har Twitter, wadda take da suna sosai da hoton tsuntsu, mai ita Elon Musk ya tashi a watan Yulin 2023 ya share sunan ya bar harafi ɗaya tilo, wai X. Kai ka ce wata annoba ce ta cinye kalmomi a duniya, aka bar mu da tsintar haruffa.

Abin ban dariya ga kunnen Bahaushe shi ne yadda ake furta haruffan nan. Harafin "e" da Turanci "i" ake faɗinsa, wato dai abin da muke cewa idan mun amince. Shi kuwa "i" sai a ce "ai", kalmar nan da mutum yake fara magana da ita idan zai kawo uzuri: ai ka san, ai da na zo, ai ba laifina ba ne. Saboda haka duk kayan zamanin nan, rabi suna ce maka "i" tun kafin ka tambaya, rabi kuma sun fara ba ka hanzari tun kafin su lalace.

Amma kada in yi wa abin rashin adalci, bari mu koma asalinsa. A shekarar 1998 ne kamfanin Apple na Amurka ya fito da kwamfutar da ya kira iMac. Shugabansa Steve Jobs ya bayyana cewa babbar ma'anar "i" ɗin nan ita ce intanet, domin a lokacin shiga intanet aiki ne ja, ita kuwa wannan na'ura an yi ta ne don ta sauƙaƙa shi. Ka ga a ranar harafin yana da aikin yi, yana raba wannan kwamfuta da sauran. Haka shi ma "e", farkon kalmar Turanci ce mai nufin abin da yake tafiya ta na'urar lantarki, shi ya sa aka ce imel, don a raba wasiƙar da take bin waya da wadda ake liƙa wa kan sarki a kai gidan waya. Nan ma babu laifi.

Laifin ya fara ne da kasuwa ta buɗe. Aka fito da iPod a 2001, alhali ita ta farkon ba ta ma shiga intanet da kanta. Aka fito da iPhone a 2007, iPad a 2010. Daga nan kowane mai ƙera tocilan da mai haɗa caja ya ga cewa idan ya liƙa ɗan harafin nan a goshin kayansa, za a ɗauka shi ma ɗan gidan ne. Har rigima aka yi a kan haruffan. A watan Janairun 2007 kamfanin Cisco ya kai Apple ƙara cewa shi ne mai sunan iPhone tun da farko, sai da suka sasanta a wata na gaba. A 2012 kuma Apple ya biya wani kamfani mai suna Proview dala miliyan 60 kafin ya mallaki sunan iPad a ƙasar Sin. Tirƙashi! Dala miliyan 60 a kan abin da kawuna ya ɗauka ƙugiya ce.

Ga inda nake sukar abin. Amfanin suna shi ne ya raba wannan da wancan. Yau ina wayar shafawa da ba ta shiga intanet? Ina harkar banki da ba ta bin na'ura? Idan kowa a gari ya yi rawani, to rawani ya daina nuna sarki. Harafin da aka liƙa wa kowa bai bambanta kowa ba, ya koma kwalliya. Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro yayin sun gane haka, domin da Apple ya tashi fito da agogonsa a 2015 bai sa masa "i" ba, Apple Watch ya kira shi. Mai rawa ya sauka daga fage, 'yan kallo ne suka rage suna ta juyi.

Wani zai ce, to malam, mu ma ai muna da irin wannan ɗafi a Hausa. Gaskiya ne, kuma shi ne ma hujjata. Dubi "ma" ɗinmu: masunci, maƙeri, majemi, mabuɗi, madubi, magirbi, makaranta, masaƙa. Duk inda ka gan shi yana aiki, ko ya nuna mai yi, ko abin yi, ko wurin yi. Cire shi, kalmar ta canja. Dubi sunayen garuruwanmu na wannan yanki. Da ka ji an ce Gungun kaza, ka san ruwa ya kewaye shi, sai ka nemi jirgi. Da ka ji Tungar wane, ka san ƙaramin zama ne da wani mutum ya kafa. Da ka ji Birnin Yauri, ka san tsohon gari ne mai ganuwa da tarihi. To cire "e" daga eNaira ka gaya mini abin da ya ragu a hannun mai sayar da albasa a Shanga. Naira dai ce.

Tunda na ambaci eNaira, bari in ɗan tsaya a kanta. Ranar 25 ga Oktoba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita, Babban Bankin Nijeriya ya ce kuɗi ne na na'ura. A 2023 wani rahoto na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna cewa fiye da kashi 98 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. Ban ce sunan kaɗai ne ya jawo haka ba, akwai rashin sabis, akwai rashin wuta, akwai rashin yarda. Amma sunan bai taimaka ba, domin bai gaya wa kowa abin da ya raba ta da kuɗin da yake cikin asusunsa na banki ba. A farkon 2023 da aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin fasalin naira, abin da na ji a bakin masu kifi a bakin ruwa shi ne "turo ta waya", sai kuma layin masu POS. Ita kuwa M-Pesa da aka soma a Kenya a 2007 ta karɓu, amma ba harafin M ne ya karɓar da ita ba. Ɗan birni ne ya ga zai iya tura wa tsohuwarsa kuɗi ƙauye ba tare da ya ba direba ba, ga kuma "pesa" kalmarsu ce ta Sawahili mai nufin kuɗi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan. A 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana ministan gona, an fito da tsarin aiko wa manomi saƙo ta waya ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi, aka laƙaba masa e-wallet. Shirin gaske ne, amma ya koya wa talaka cewa duk abin da ya fara da wannan harafi daga sama ya fito. Na ga da idona wasu samari biyu sun sauka a wata tunga da kwamfuta a jaka, wai sun zo yin "e-rajista" ta tallafin masunta. Suka karɓi kuɗin mutane, suka kwafi lambobin katinsu, har yau ko ƙurarsu. Wani dattijo da na tambaya me ya sa ya yarda, cewa ya yi, "Yaro, na ji sun sa abin nan na gwamnati a gaba." Ka ji fa. Harafi ya zama kaki, duk wanda ya sa sai a sara masa. Da a ce da Hausa suka faɗi abin da suka zo yi, da an tambaye su wa ya aiko su, rajistar me, ina takarda. Kalma tana jawo tambaya, harafi kuwa rufe baki yake yi, domin ba mai son a ce shi baƙauye ne.

Abin da yake ba ni haushi shi ne, mu ba matalautan suna ba ne. Je ka bakin tafkin nan ka saurari masunta: birgi, taru, dala, atalla, mamari, gura, har da gurar Mali wadda sunanta ya gaya maka inda ta fito. Kifaye kuwa ga giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, yauni, tsage, warangi. Akwai ma wanda yake da lantarki a jikinsa tun kafin a haifi Steve Jobs, amma ba mu ce masa e-kifi ba, minjirya muka ce, kuma duk yaron da ya taɓa ta sau ɗaya ba ya mance sunan. Madatsar nan da aka soma ginawa a 1964 aka gama a 1968, wadda ta tashi mutane wajen 44,000 daga gidajensu, ita ce babbar fasahar da ta taɓa sauka a ƙasar nan tamu, amma sunan tsibirin da aka gina ta a kansa aka ba ta, Kainji.

Kuma ko kayan Bature ne, idan suka zo hannunmu sai mun yi musu wanka. Da wayar salula ta shigo a 2001 muka ce tafi-da-gidanka. Ƙaramar nan mai fitila aka ce rakani-kashi, ka yi mini afuwa, amma ai ka gane wadda nake nufi nan take. Babbar aka ce komai-da-ruwanka. Babur aka ce roba-roba, keke mai ƙafa uku Kanawa suka ce A Daidaita Sahu, naira ashirin kuwa Murtala. Waɗannan sunaye ba wanda ya biya dala a kansu, amma ba a taɓa aiken yaro da ɗayansu ya dawo da wani abu daban ba.

Na san masu kamfani suna da hanzarinsu. Harafi gajere ne, yana shiga kowane harshe, yana da sauƙin bugawa a bayan kwali. Na yarda. Amma sauƙin nasu ne, wahalar kuwa ta mai saye ce, musamman wanda haruffan boko ba su ne idonsa ya saba da su ba.

Saboda haka kirana ga ɓangare uku ne. Hukumomi, idan za ku fito da shiri don talaka, ku ba shi sunan da zai faɗa wa matarsa ta gane: takin waya, kuɗin waya, rajistar masunta. Matasanmu masu buɗe shagon caji da gyaran waya daga Yelwa zuwa Wara, ku daina liƙa "i" da "e" a allunanku don a ce kun waye, sunan mahaifinka ko na garinku ya fi wannan daraja, domin shi ne za a riƙe ka da shi idan ka ci amana. Mu kuma masu saye, duk wanda ya zo mana da harafi mu ce ya ƙarasa kalmar. Idan ya kasa, to mu riƙe aljihunmu.

Hausawa suka ce suna linzami ne. Linzami kuwa don a kama a juya ake yin sa, shi harafi ɗaya ba shi da wurin kamawa. Kawu dai ya samu batirinsa daga baya, sai da ya ba direba wayar sukutum aka kawo ta Yelwa aka gwada. Yanzu ya sa an rubuta masa harafin da ajami a wata 'yar takarda, ya naɗe ya sa cikin hula.

Mu kwana nan, sai mun haɗu a rubutu na gaba.